Jan Kofi da Gwangwanin da Aka Binne

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke bayan dutse, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Mutum ne mai ƙwazo. Ba ya shan burkutu, ba ya dukan matarsa, ba ya fashin sujada, rumbunsa kuma bai taɓa zama wayam ba. Ku riƙe wannan tun yanzu, yara, don kada in kai tsakiyar labari wani ya ce mini ai mugu ne. Ba mugu ba ne. Irin ubanninku ne.

Manomin nan yana da ƙane. Ƙanen ya yi ta jinya har ya rasu, damina ba ta zagayo ba matarsa ta bi shi. Suka bar yarinya guda, sunanta Afiniki, ba ta wuce shekara tara ba. Da aka tashi daga zaman makoki, dangi suka taru a kan maganar wanda zai riƙe ta. Kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Sai manomin ya miƙe ya ce, "Jinina ce. Muddin ina da rai ba za ta kwana a gidan wani ba." Ya kama hannunta ya kai ta gidansa.

Yana da ɗa namiji mai suna Filimon, sa'an Afiniki. Nan da nan yaran suka saba. Kwano ɗaya suke cin tuwo, su yi faɗa a kan ƙanzo, su shirya kafin a wanke tukunya.

Sai dai yarinyar ba ta rabuwa da tari da zawo. Matar manomin ta ce, "Maigida, jiƙe-jiƙen nan sun isa haka. Mu kai ta asibiti." Suka kai ta asibitin garin da ake cin kasuwa. Malamar asibiti ta ɗebi jini ta gwada, ta kira miji da mata cikin ɗaki, ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Baba, Mama, yarinyar nan tana ɗauke da ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda mutane ke kira ƙanjamau. Da ita aka haife ta."

Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Yesu! Mutuwa za ta yi ke nan?"

Malamar ta ce, "Wa ya gaya miki? Ga magani nan. In tana haɗiya kowace safiya ba fashi, za ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ku ci tare, ku sha tare, ta kwana tabarma ɗaya da 'yan'uwanta. Ba a ɗaukarta ta kwano, ba a ɗaukarta ta gumi, sauro ma ba ya kai ta ga wani. Abin da za ku kiyaye shi ne jini. Reza, allura, askar wanzami, kowa da tasa. Baba, ka ji ni?"

Manomin ya gyaɗa kai ya ce, "Na ji, Malama."

Ya ji da kunne. Amma da suka fito suka ratsa ta kasuwa, sai ya tsaya wurin mai robobi ya sayi kofi guda, ja wur. Duk kofunan gidansa na silba ne. Matarsa ta dube shi ta ce, "Na wane ne wannan?"

Ya ce, "Na yarinyar."

Ta ce, "Ba ka ji abin da malama ta faɗa ba?"

Ya ce, "Malama ba ita ta haifi Filimon ba. Ni ban ƙi yarinya ba. Kiyayewa ce kawai, ke ma kin sani."

Matar ta ƙyale shi, domin ita ma tsoron yana cikinta.

Da suka isa gida ya buga ƙusa a bangon madafa, nesa da randa, ya rataye jan kofin. Bai tara kowa ya yi jawabi ba. Bai zagi yarinyar ba, bai ɗaga mata murya ba. Da yamma aka zuba mata tuwonta a kwano dabam. Filimon ya ɗauki nasa zai je kusa da ita, uban ya ce, "Zauna nan inda kake."

Filimon ya ce, "Baba, me ya sa?"

Uban ya ce, "Ba ruwanka. Kada dai in ga bakinka a jan kofin can."

To, ku yara na san ku. In aka ce muku ba ruwanku, ranar ce idonku yake buɗewa. Filimon ya zuba ido. Ya ga in Afiniki ta gaishe da ubansa da safe, uban yakan shafa kanta ya sa mata albarka, sannan ya zagaya bayan rumbu ya wanke hannu da toka. Ya ga uwarsa tana wanke kwanon Afiniki a ƙarshe, da soso dabam. Ya ga kowace safiya ana ba ta ƙwaya guda, tana haɗiya da ruwa a jan kofi. Bai san sunan ciwon ba, amma ya gane akwai abin gudu a jikinta.

Ya kai labarin bakin famfo, inda yara ke layin ɗiban ruwa. Yaran suka kai wa iyayensu. Iyayen suka tuna yadda uban yarinyar da uwarta suka rame kafin su rasu, suka haɗa wannan da wancan, suka sa wa ciwon suna. Yaran suka dawo famfo da sunan a bakinsu.

Daga nan aka ƙirƙiro wasa. Filimon ne ya fara shi. Yaro zai lallaɓo ya taɓa gefen zanen Afiniki, ya ruga a guje ya goga wa wani a baya, yana ihu, "Na shafa maka! Kabari kusa!" Wanda aka shafa wa ya bi wani. Su yi ta zagaya ta suna dariya, ita kuwa tana tsaye da tulu a ka, ba ta san inda za ta sa ƙafa ba. In ta taɓa hannun famfo, sai wata babbar yarinya ta ce, "Ku kawo ƙasa a goge tukuna." A makarantar Lahadi ma, in ta zauna a benci, sai bencin ya zama nata ita kaɗai, yaran su cushe a ɗayan kamar buhunan masara. Suna rera waƙar ƙaunar Yesu da ƙarfi, har jijiyar wuyansu ta fito.

Manya ma ba a bar su a baya ba. Matar manomin tana yin ƙuli-ƙuli, duk unguwa a wurinta ake saye. Sai ta wayi gari tana kai faranti kasuwa tana dawowa da shi yadda ta kai. Haushin ya rasa inda zai sauka sai a kan yarinyar. Ba duka, ba zagi. Tsaki ne kawai, da kawar da kai.

Afiniki ba ta kai ƙarar kowa ba. Marainiya takan koyi shiru da wuri. Amma tana da hankali, ta zauna ta yi lissafinta irin na yara. Ta ce a ranta, kafin a fara ba ni ƙwayar nan kwano ɗaya nake ci da Filimon. Ranar da ƙwaya ta shigo gidan nan, ranar jan kofi ya shigo. To, ashe ƙwayar ce ta raba ni da mutane.

Washegari matar manomin ta miƙa mata magani, ta juya tana hura wuta. Afiniki ta tura ƙwayar gefen kumatu, ta kurɓi ruwa, ta fita. A bayan gida ta tofa ta a hannu ta ƙulle a bakin zane.

Lokacin gyaɗa ta fara zuba 'ya'ya, birai suna saukowa daga dutse suna tonewa. Aka sa Afiniki gadin gona, tun da babu yaron da zai yarda ya zauna da ita a ko'ina. A gefen gonar akwai kututturen ɗorawa. Ta samo gwangwanin madara mai murfi, ta tona rami a gindin kututturen, kullum ta jefa ƙwayar ciki ta rufe ta mayar da ƙasa.

Da farko ba abin da ya faru. Ta yi murna, tana jiran ranar da za a gane ta warke a sauke jan kofi daga ƙusa. Sai tari ya dawo. Bakinta ya yi fari da ƙuraje har tuwo ya gagara haɗiya. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Tana tafiya tana hutawa tsakanin gida da gona.

Manomin ya duba ya ce wa matarsa, "Kin gani? Ga maganin malamarki nan ana sha kullum, ga yarinya tana ƙarewa. Ciwon nan ya fi ƙarfin magani. Gara da na raba kofin." Ya sa aka ɗauke tabarmarta daga ɗakin yara aka kai ɗakin ajiya, kusa da turken awaki.

Kun ga yadda abin yake tafiya? Suna gudunta, tana ɓoye magani. Tana ɓoye magani, tana ramewa. Tana ramewa, suna ƙara gudunta. Kowa a gidan yana ganin shi ne mai hankali.

Ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta nuna. Gonar tana da girma, hannu biyu ba za su iya cire ta ba kafin ƙasa ta bushe. Duk wanda ya taɓa noman gyaɗa ya sani, in ƙasa ta yi tauri, ka ja ganye ya biyo ka, 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. Saboda haka manomin ya bi gida-gida ya kira gayya, aka sa ranar Asabar.

Kafin ranar, ya je da safe ya duba gonar. Afiniki ba ta iya tashi ba ran nan, tana kwance. Ya tuge gindi ɗaya ya ɓare, ya ga ta ƙosa. Zai juya sai idonsa ya kai gindin kututture, ya ga ƙasar wurin ta sha bamban, an tattake ta da ƙaramar ƙafa. Ya ce ko ɓera ne ya yi rumbu. Ya kai fartanya sau ɗaya, ya ji ƙarfe ya amsa. Ya tono gwangwani, ya girgiza, ya ji kacau-kacau. Ya buɗe.

Ƙwayoyi ne, sun kai rabin gwangwani, wasu sun narke sun manne da juna saboda yawu.

Ya tsaya yana kallonsu. Sai zuciya ta ɗebe shi. Ya tuna tafiyar da yake yi a keke cikin rana yana karɓo maganin nan. Ya tuna farantin matarsa da ke dawowa cike. Ya karyi tsumagiya a bakin hanya, ya zage ganyen, ya nufi gida ko gaisuwar mutane ba ya amsawa.

Ya shiga ya ce, "Ina Afiniki? A fito da ita!"

Matarsa ta ga bulala ta ce, "Maigida, lafiya? Yarinyar ko tsayuwa ba ta iya yi."

Ya ce, "Ki fito da ita na ce!"

Ta tallafo ta, ta zaunar da ita a gindin turmi. Filimon ya maƙale a jikin rumbu yana leƙe. Manomin ya juye gwangwanin a faifai, ƙwayoyin suka watsu. Matar ta kira sunan Yesu, ta toshe baki.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Yarinyar ta dubi faifai, ta dubi bulala.

Ya ce, "Da ke nake! Na ɗauko ki lokacin da kowa ya ƙi ki. Na ciyar da ke, na tufasar da ke. Abin da za ki saka mini ke nan? So kike ki mutu a ce ni na kashe 'yar ƙanena?"

Ta ce, "A'a, Baba." Da ƙyar ake jin muryarta.

"To, me ya sa?"

Ta ɗaga hannu ta nuna bangon madafa, inda jan kofi ke rataye. Ta ce, "Na ga tun da na fara sha aka saya mini wancan. Na ce in na daina, za a mayar da ni kwanon Filimon."

Akuya tana ta kuka a turke.

Manomin ya ce, "Me ya hana ki zubar, kika binne?"

Ta ce, "Na ji tsoron kada kaji su ci su mutu, a ce ni ce."

Matar ta fashe da kuka. Shi kuwa bulala tana hannunsa a sama, ya rasa a kan wa zai sauke ta. Ya juya ya hango ɗansa. Ya ce, "Kai, zo nan. An gaya mini akwai wasan da ake yi da ita a famfo. Wane ɗan banza ne ya fara shi?"

Filimon ya matso ya ce, "Ni ne, Baba."

"Kai? 'Yar'uwarka? Wa ya koya maka wannan rashin imani? A gidan nan ka ji an zage ta?"

Yaron ya ce, "Ba a zage ta ba."

"To, a ina ka gani?"

Filimon ya dubi ƙasa. Ya ce, "Na ga in ka taɓa kanta kana zuwa bayan rumbu ka wanke hannu da toka. Na ɗauka abin da ake yi ke nan."

Bulalar ta faɗi. Ba wanda ya ƙwace ta, hannun ne ya sake ta.

Bai tsaya kuka ba, kuka ba ya mayar da magani ciki. Ya ce wa matarsa, "Kawo zane." Ya goya yarinyar a bayansa kamar jaririya, ya hau keke, ya kama hanyar asibiti da gwangwanin a aljihu. Numfashinta mai zafi yana sauka a wuyansa, guminta yana haɗuwa da nasa. Duk inda hanya ta yi gargada sai ya ce, "Afiniki, kina nan?" Ta ce, "Ina nan, Baba." Wani wuri ya kira ba ta amsa ba. Ya taka keken kamar zai karya shi.

Malamar asibiti ta karɓe ta, ta sa mata ruwa a jijiya, sannan ta dubi gwangwani, ta dubi manomin. Ta ce, "Baba, maganin nan ba a wasa da shi. In aka sha aka bari, cutar takan saba da shi, ya daina yi mata komai. Za mu gwada jini mu gani. Wataƙila sai an sauya mata wani, wanda sai babban asibiti ake samu. Ban yi maka alkawarin komai ba."

Ya ce, "Malama, ki yi abin da za ki iya."

Ta ce, "Ni zan yi nawa. Amma in ka mayar da ita inda ka ɗauko ta, za ta sake nemo wani gwangwanin."

Bayan 'yan kwanaki aka sallame su. Da suka dawo ya ɗauke tabarmarta daga ɗakin ajiya da hannunsa. Ya zauna kusa da ita ya ce, "'Yata, gobe gayya. Akwai abin da nake so in yi a gaban mutane, amma ba zan yi ba sai kin yarda, don maganarki ce." Ya gaya mata. Ta daɗe tana tunani, sannan ta ce, "Ai duk sun riga sun sani, Baba. Na yarda."

Ranar Asabar maza suka cika gona da fartanyu, aiki ya kankama, ana waƙa ana tsokanar masu nawa. Rana ta take, matar manomin ta kawo kunun tsamiya a babbar ƙwarya, aka taru a inuwa. Al'adar gayya kuwa ludayi ɗaya ne yake zagayawa, mai gona ya fara sha ya miƙa wa na kusa da shi.

Sai ga manomin ya fito daga bayan bishiya riƙe da hannun Afiniki. Ya zaunar da ita a tsakiyar maza. Ya ajiye ludayi gefe, ya zaro jan kofi daga aljihu. Duk ƙauyen ba wanda bai ji labarin kofin nan ba. Hira ta tsaya.

Ya ɗebo kunu ya ba ta. Ta sha rabi. Ya karɓa, ya juya kofin daidai inda bakinta ya taɓa, ya shanye sauran. Ya sake ɗebowa ya miƙa hannu.

Ba wanda ya karɓa.

Wani maƙwabcinsa mai suna Dogara, wanda yake zama a bencin gaba a majami'a, ya ce, "Haba, maigida. Mun zo taya ka aiki ne, ba mu zo kwasar wa iyalinmu ciwo ba. Wannan wane irin wulaƙanci ne?"

Manomin ya ce, "Dogara, ranar kasuwa na gan ka a layin wanzami. Aska ɗaya ta bi kanku duka, har ta yanke ka a ƙeya, ga tabon nan. Ba a ƙona ta ba, ba a sauya ta ba, ba ka ce uffan ba. Can ne ƙofar ciwon take. Nan babu komai sai kunu."

Wani daga baya ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

Dogara ya ce, "Kai ka fara raba mata kofi. Mu a wurinka muka gani."

Manomin ya ce, "Gaskiyarka. Ni na saye shi, saura kaɗan ya kashe ta. Shi ya sa na kawo shi nan."

Dogara ya saɓa fartanyarsa ya ce, "To, ka cire gyaɗarka da kofinka." Ya tafi. Wasu suka tashi suka bi shi, ɗaya bayan ɗaya, har inuwar ta yi fili. Manomin yana kallon gonarsa, ko rabi ba a ci ba, ƙasa tana ta bushewa. Hannunsa yana nan miƙe da kofi. Afiniki ta ja rigarsa ta ce, "Baba, bari kawai. Kira su su dawo, ni zan tafi gida."

Ya ce, "Zauna."

Sai Filimon ya taso daga inda yake tara ganyen gyaɗa. Abokansa na famfo suna tsaye a bakin gona, sun zo kallon gayya, idonsu duk a kansa. Ya zo ya karɓi kofin da hannu biyu. Ya dubi 'yar'uwarsa. Ya kafa kai ya shanye, har kunu yana bin haɓarsa. Ya goge baki ya ce da ƙarfi, don na bakin gona su ji, "Tsami ya yi yawa, Mama, amma a ƙaro."

Wani tsoho cikin waɗanda suka rage ya ce, "Kai yaro, kai kaɗai ka yi aiki? Miƙo nan." Kofin ya zagaya a hannun 'yan tsirarun da suka tsaya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya gyaru ran nan ba. Hannuwan da suka rage ba su isa ba. Ƙasa ta bushe, gyaɗa mai yawa ta zauna a ciki, birai da ɓeraye suka yi kaka. Shekarar nan gidan manomin sun ci tuwo da miya ba mai. Maganin farko kuma ya daina yi wa Afiniki aiki, kamar yadda malama ta ji tsoro, sai da aka sauya mata wani, manomin yana tafiya mai nisa yana karɓowa. Ta rasa shekara guda a makaranta. Dogara ya daɗe ba ya gaishe su.

Amma yarinyar ta rayu. Kumatunta suka dawo. Ita da Filimon suka koma faɗa a kan ƙanzo. Jan kofin kuwa bai koma kan ƙusa ba. A bakin randa ya zauna, da shi manomin yake shan ruwa har ya tsufa, duk baƙon da ya nemi ruwa da shi ake ba shi.

Yanzu ku gyara zama ku ji ma'anar wannan misali, don ban ba ku shi don hira ba.

Manomin nan shi ne duk mai zuwa sujada wanda yake cewa shi bai ƙi kowa ba, kiyayewa kawai yake yi. Jan kofi shi ne ƙyamar da ba ta magana: matsawa gefe a benci, goge hannu a riga, tsaki, raɗa a kunne. Ba sai kun zagi mutum zai san kun ware shi ba. Gwangwanin da aka binne shi ne abin da ƙyama take haifarwa. Wanda ake gudu yakan ɓoye maganinsa. Wani ya ƙi zuwa gwaji don kada a gan shi a ƙofar asibiti. Wata ta yi shiru da ciwonta har ta ba jaririnta, alhali da ta je awo da an kare shi. Cutar nan tana da magani mai riƙe mutum har tsufa. Wanda ya mutu da magani a binne, ku gaya mini, me ya kashe shi?

Filimon kuwa ku ne. Kada wani ya ce mini ai shi yaro ne, wasa yake yi. Wasan yara ne ya kai Afiniki bakin kabari. Yaro ne kuma ya karɓi kofi lokacin da masu gemu suka saɓa fartanya suka gudu. In kun ga babba yana abin da ba daidai ba, ba dole ne ku ɗauka ba. Ku kuma iyaye da ke tsaye a bakin taga kuna saurare, na gan ku. 'Ya'yanku ba wa'azinku suke bi ba, hannunku suke kallo.

Ga abin da za ku yi, ba na son in maimaita. Kada ku tsinci reza ko allura a bola ku yi wasa da ita. In za a yi muku aski ko yankan farce, a sa sabuwar reza, ko a je da ta gida. In wani ya ji ciwo jini yana zuba, ko wane ne shi, ku kira babba, kada ku sa hannu tsirara. Sauran abin da ya shafi aure, iyayenku za su gaya muku in kun isa, ni ma zan bi su in tabbatar sun faɗa. Iyakar tsoronku ke nan. Kwano, kofi, tabarma, benci, wasan langa, riƙe hannu a addu'a, babu abin da zai same ku.

In kun san wani yana shan magani, ba labarin bakin famfo ba ne. Ku rufe bakinku. In kuwa a cikinku akwai mai sha, ban tambaye ka ba, ban kuma ce ka ɗaga hannu ba. Ka haɗiye shi kowace safiya. Ba laifin da ka yi, ba kuma la'ana ce a kanka ba.

Ubangijinmu Yesu, da kuturu ya zo wurinsa, yana da iko ya warkar da shi daga nesa da kalma guda. Amma sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi, bai kuma zagaya bayan rumbu neman toka ba.

Ga tulu can a bakin ƙofa, kofi ɗaya ne a kansa, ni na sa aka kwashe sauran. Ku tashi ku yi layi. Ina kallon wanda zai ce ba ya jin ƙishirwa.